Ka Buɗe Imel Ɗinka a Kafe? Ga Abin da Kwamfutar Ke Riƙewa Bayan Ka Tashi

Kwanakin baya na shiga wani shagon kwamfuta a Kano domin in buga wata takarda da aka turo mini ta imel. Shagon cike yake, yawanci ɗalibai ne masu cike fom. Da layi ya zo kaina, yaron shagon ya nuna mini wata kwamfuta a lungu, ya ce in zauna in fito da takardar da kaina, shi kuma ya buga. Na buɗe Chrome, na shiga Gmail, ina jiran a tambaye ni adireshi da kalmar sirri. Ba a tambaye ni komai ba. Akwatin saƙon wata baiwar Allah ne ya baje a gabana: ga saƙonnin banki, ga takardun makaranta, ga sanarwa daga Facebook. Ta gama abin da ya kawo ta, ta danna alamar X ɗin nan da ke kusurwar sama, ta biya kuɗinta ta kama gabanta, a zatonta ta rufe komai.

Na fitar da asusun nata, sannan na yi abin da ya kai ni. Amma Allah kaɗai ya san mutum nawa suka zauna a kujerar nan tsakanin tashinta da zuwana.

Kuskuren nata ba na rashin wayo ba ne. Yawancinmu a waya muka koyi intanet, kuma a waya ba a fita daga imel. Sau ɗaya ka shiga, ranar da aka saita wayar, daga nan tsaron ya koma kan makullin wayar, wato zanen yatsa ko lambar sirri. Sai mu ɗauki wannan sabon mu kai shi kan kwamfutar da ba ta da makulli, wadda duk wanda ya biya kuɗin awa zai zauna a gabanta.

“Ni ai babu komai a imel ɗina”

Na sha jin wannan. Idan wayarka Android ce, asusun Gmail ɗinka ba akwatin saƙo ba ne kawai. Shi ne asusun Google da ke riƙe da lambobin mutanen da ka adana, da hotunanka idan ka kunna ajiyar Google Photos, da takardunka na Google Drive, da tarihin abin da ka nema a Google da YouTube. Da shi ne kuma ake gano inda wayar take a taswira idan ta ɓata.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne maɓallin nan na “na manta kalmar sirri”. Facebook, Instagram, TikTok, X, shafukan makaranta da na neman aiki, kusan dukkansu idan ka ce ka manta, imel ɗinka suke tura wa hanyar sake sabuwa. Wanda ya sami akwatin saƙonka a buɗe ba ya bukatar sanin kalmar sirrinka ta Facebook. Zai ce ya manta, saƙo ya shigo gabansa, ya sa sabuwa, ya goge saƙon. Kai kuma sai dai ka ji abokai na kiranka suna tambayar ko lafiya kake neman rancen dubu biyar da tsakar dare.

Rufe burauza ba fita ba ne

Ka tuna yadda ake ajiye babur a bakin kasuwa. Mai gadi zai ba ka ɗan kati mai lamba. Idan ka dawo ba fuskarka yake dubawa ba, katin yake dubawa. Duk wanda ya kawo shi, shi ne mai babur. Haka shafukan imel ke aiki. Da zarar ka shigar da kalmar sirri daidai, shafin zai ajiye wani ɗan ƙaramin fayil a cikin burauzar, ana kiransa kuki. Duk lokacin da aka sake buɗe Gmail a wannan burauzar, kukin ake dubawa, ba a sake tambayar kalmar sirri. Danna X yana rufe burauzar ne kawai, katin na nan a kan tebur. Ko an kashe kwamfutar an kunna washegari, yana nan. Abin da ke soke shi shi ne ka danna hotonka a kusurwar sama ta dama, ka zaɓi “Sign out”.

Yahoo da Outlook sun ɗan fi fito da maganar fili. Yahoo na da ɗan akwati mai rubutun “Stay signed in” a shafin shiga, Microsoft kuma yakan tambaye ka hakan bayan ka sa kalmar sirri. A kwamfutar da ba taka ba, amsar ita ce a'a.

Ko bayan ka fita daga Gmail, adireshinka zai zauna a jerin asusun da aka taɓa shiga da su a wannan burauzar. Ba ya buɗuwa sai da kalmar sirri, amma babu dalilin barin sa. A ƙasan jerin akwai “Remove an account”, ka danna ka cire naka.

Kuki ne na farko a abubuwan da kwamfuta ke riƙewa. Na biyu shi ne kalmar sirrin kanta. Kana gama shigar da ita, Chrome ko Edge zai fito da ɗan akwati yana tambaya ko ya adana maka. Mutum na sauri, layi na bayansa, sai ya danna shuɗin maɓallin don akwatin ya kauce. To ya adana ke nan. Kuma kalmar da aka adana ba ɓoyayyiya ba ce: a saitin burauzar akwai wurin da ake ganin ta harafi bayan harafi. Shingen da ke tsakani kawai kalmar sirrin Windows ce, wadda a yawancin shaguna ko dai babu ita, ko kowane yaron shago ya san ta.

Na uku ya fi su muni, kuma mutane ba su cika lura da shi ba. Chrome na iya yi maka tayin ka shiga burauzar kanta da asusunka, ko ka kunna abin da ya kira “sync”, wato daidaita bayananka tsakanin na'urori. A kwamfutarka wannan abu ne mai daɗi. A kafe kuwa, ma'anarsa ita ce duk kalmomin sirrin da ka taɓa adanawa a Chrome ɗin wayarka, da tarihin shafukan da ka ziyarta, za su iya saukowa kan kwamfutar shagon. Ka shiga don takarda guda, ka bar musu daurin makullanka gaba ɗaya.

Na huɗu shi ne fayilolin da ka sauke. Ka zauna a kwamfutar kowane shagon buga takardu ka buɗe foldar Downloads, za ka ga abin mamaki: takardun NIN, sakamakon jarrabawa, hotunan fasfo, bayanan asusun banki, duk na mutanen da suka daɗe da tafiya. Fita daga imel ba ya taɓa waɗannan. Sai ka goge da hannunka, kuma gogewar farko kwandon shara na Windows kawai take kai fayil, inda kowa zai iya dawo da shi. Ka zaɓi fayil ɗin ka danna Shift da Delete tare, shi ne zai tsallake kwandon.

Shafin sirri da shafin baƙo

Hanya mafi sauƙi ta kauce wa yawancin waɗannan matsalolin ita ce kada ka yi amfani da burauzar yadda ka same ta. A Chrome da Edge, danna Ctrl da Shift da N tare zai buɗe shafin sirri, wanda Chrome ke kira Incognito, Edge kuma InPrivate. A Firefox, Ctrl da Shift da P ne. Duk kukin da aka ajiye a wannan shafin na mutuwa da zarar an rufe shi, ba a rubuta tarihin inda ka shiga, ba a tuna abin da ka cike a fom.

Akwai sharaɗi ɗaya da ke kayar da mutane. Dole a rufe dukkan shafukan sirrin da ke buɗe, ba naka kaɗai ba. Idan wani ya bar nasa a buɗe a ƙasan allo, kai ka buɗe sabo ka shiga Gmail ka rufe, a wurin Chrome zama ɗaya kuke, kuma kukinka na raye har sai an rufe wancan. Don haka kafin ka fara, duba ko akwai wani baƙin shafi a buɗe ka rufe shi. Kuma duk da haka ka danna “Sign out” kafin ka tashi, daƙiƙa biyu ne.

Ni na fi son yanayin baƙo na Chrome. Ka danna ɗan hoton da ke saman burauzar kusa da ɗigo ukun nan, ka zaɓi “Guest”. Zai buɗe maka burauza fes, babu saitin mai kwamfutar, babu ƙananan manhajojin da ya liƙa mata, kuma idan ka rufe komai ya tafi. Sai dai shi ma, kamar shafin sirri, ba ya goge fayil ɗin da ka sauke.

Idan kuma ka riga ka shiga ta burauzar gama-gari kafin ka tuna, ka fita daga asusun, ka danna Ctrl da Shift da Delete, ka goge kukis da tarihi na awa ɗaya da ta wuce. Ba sai ka share na shekara guda ka jawo wa kanka faɗa da mai shago ba.

Abin da shafin sirri ba ya iya tarewa

Duk abin da muka faɗa a sama kariya ce daga wanda zai zauna bayanka. Ba kariya ba ce daga kwamfutar kanta. Akwai manhajojin leƙen asiri da ke rubuta duk maɓallin da aka danna a kibod, su adana a ɓoye ko su tura wa wanda ya dasa su. Akwai ma ƴan ƙananan na'urori da ake soka wa tsakanin wayar kibod da jikin kwamfuta, aikinsu ke nan. Ba lalle mai shagon ne ya sa ba. Kwamfutar da ɗaruruwan filash suka shiga, kuma an yi shekara ba a sabunta ta ba, komai na iya zama a cikinta. Incognito bai san da wannan ba. Ka rubuta kalmar sirri, an ɗauka. Ga kuma hanyar da ba ta bukatar fasaha ko kaɗan: wanda ke tsaye a bayanka yana kallon yatsunka.

A nan ne wayarka ke da amfani. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda Google ke kira “2-Step Verification”, a sashen tsaro na asusunka. Bayan ka kunna, kalmar sirri kaɗai ba ta buɗe asusun a sabuwar na'ura. Sai wani saƙo ya faɗo a wayarka yana tambaya ko kai ne ke ƙoƙarin shiga, ka amsa da e. Wanda ya sace kalmar sirrin ya gwada ta a gidansa, wayarka ce za ta yi ƙara, ka danna a'a, ka san lokacin sauya kalmar ya yi.

Lokacin da kake shiga a kafe, ka lura da ɗan akwatin da ke cewa kada a sake tambaya a wannan na'urar, “Don't ask again on this device”. Idan da alama a cikinsa ka cire ta. Barin ta na nufin ka gaya wa Google cewa kwamfutar shagon taka ce.

Ana iya karɓar lambar tabbatarwa ta saƙon tes, kuma ya fi babu. Amma duk wanda ya taɓa zaman jiran lamba daga banki sabis na wasa da shi ya san matsalar, ga kuma masu satar layi. Manhajar Google Authenticator na fitar da lamba shida da ke sauyawa duk daƙiƙa 30, kuma ba ta bukatar data ko sabis. Sannan Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace mai lamba 8, kowace sau ɗaya take aiki. Ka rubuta su a takarda ka adana a gida, ba a cikin wayar ba, domin ranar da wayar ta ɓata ce ranar da za ka neme su.

Tun 2023 Google ya fara ba da damar shiga ba tare da rubuta kalmar sirri ba, ta hanyar abin da ake kira faski. Kwamfutar za ta nuna lambar QR, ka ɗauka da kyamarar wayarka, ka sa zanen yatsa, shi ke nan ka shiga. Babu abin da ka rubuta, don haka babu abin da za a ɗauka. Matsalarsa a wajenmu ita ce yana bukatar Bluetooth a kwamfutar da wayar, kuma tsofaffin kwamfutocin tebur da suka cika shagunanmu yawanci ba su da shi.

Gaskiyar magana, sau da yawa ma ba sai ka shiga imel a kwamfutar ba. Idan takarda guda za ka buga, ka sauke ta a wayarka, ka tura wa mai shagon ta WhatsApp ko ta imel ɗin shagon. Kwafin takardar zai zauna a wurinsa, sai ka roƙe shi ya goge a gabanka. Amma takarda ɗaya ce ka bayar, ba asusun gaba ɗaya ba.

Imel ɗin da aka buɗe maka a kafe

Wannan ya shafi ɗalibai musamman. Rajistar JAMB na bukatar adireshin imel, haka ma rajistar NYSC. Ɗalibi zai je babu imel, ko ya manta kalmar sirrin nasa, sai mai cike fom ya ce bari a buɗe maka sabo yanzu. Zai zaɓi suna, ya zaɓi kalmar sirri, wani lokaci ya sa lambar wayarsa a gurbin lambar dawo da asusu don a yi sauri. Ba lalle da mugun nufi ba. Amma bayan watanni, lokacin da za ka duba ko an ba ka gurbin karatu, ko ka sake kalmar sirrin shafin hukumar, za ka tarar makullin na hannun wani wanda mai yiwuwa ya bar shagon.

Ka buɗe imel ɗinka a wayarka kafin ka bar gida. Idan kuma an riga an buɗe maka, sauya kalmar sirri bai isa ba. Ka shiga sashen tsaro ka duba lambar waya da adireshin imel na dawo da asusu. Idan ba naka ba ne, ka sauya su, domin mai wannan lambar na iya karɓe asusun duk ranar da ya ga dama.

Laftof ɗin gida da kwamfutar ofis

A gida matsalar daban ce. Laftof ɗaya ce, yaya na aiki da ita, ƙani na kallon fim, kai kana duba saƙo. Ba wanda ke neman cutar da kai, amma ba ka so ƙanwarka ta buɗe YouTube ta tarar da asusunka, ko sanarwar saƙon da ya shigo ta faɗo a gefen allo ana tsakiyar kallo.

Mutane da yawa na buɗe wa kowa furofayil ɗinsa a Chrome su ɗauka an gama. Furofayil na raba kaya ne, ba ya kulle su; duk wanda ke gaban kwamfutar zai iya tsallakawa zuwa naka da danna biyu. Makulli na gaskiya shi ne kowa ya sami asusunsa na Windows da kalmar sirrinsa. Ana yin haka a Settings, sashen Accounts, inda ake ƙara wasu masu amfani. Minti biyar ne. Daga nan duk sanda za ka tashi, ko alwala za ka yi ka dawo, ka danna maɓallin Windows da L tare, allon ya kulle.

Ka sani dai, wanda ke da matsayin mai kula da kwamfutar, wato admin, na iya kaiwa ga fayilolin sauran idan ya so. Shi ya sa a kwamfutar da ba kai ne admin ba, gara ka karanta imel ta burauza maimakon manhaja irin su Outlook ko Thunderbird, domin waɗannan na sauke kwafin saƙonninka su ajiye a cikin kwamfutar. Kwamfutar ofis kuwa ta ma'aikata ce, kuma sashen kula da na'urori na da hanyoyin ganin abin da ake yi a kanta. Imel ɗinka na ƙashin kai, bar shi a waya.

Ka tuna bayan ka isa gida

Ba sai ka hau adaidaita ka koma ba. Ka buɗe manhajar Gmail a wayarka, ka taɓa hotonka, ka shiga “Manage your Google Account”, ka je Security, ka nemi jerin na'urorinka. Za ka ga wayarka, ka ga wata kwamfutar Windows da ranar da aka shiga. Taɓa ta ka zaɓi “Sign out”. Daga nan katin da ka bari a shagon ya daina aiki. Kada sunan gari ya ruɗe ka, domin kana Kano ko Zariya tana iya nuna Legas ko Abuja, ya danganta da kamfanin intanet ɗin. Nau'in na'ura da lokaci su ne abin dubawa.

Idan kana zargin ka adana kalmar sirri a can, ko wani ya riga ya shiga, sauya ta nan take. Sannan ka duba wani wuri da mutane ke mantawa: saitin tura saƙo. Wanda ya sami minti biyu da akwatinka na iya saita Gmail ya riƙa tura masa kwafin duk saƙon da ya shigo, kuma sauya kalmar sirri ba ya soke wannan. Manhajar waya ba ta nuna wannan saitin, sai ka buɗe Gmail irin na kwamfuta, ka shiga Settings, ka duba sashen “Forwarding” da na “Filters”. Duk adireshin da ba ka sani ba, cire shi. A can ƙasan akwatin saƙo kuma akwai ƙaramin rubutu “Details”, wanda ke nuna shige da ficen baya-bayan nan a asusun.

Tunda wayar na hannunka, ka leƙa WhatsApp ma, sashen “Linked devices”. Masu tura takarda ta WhatsApp Web a shago su ma suna danna X su tafi, kuma hirarsu na ci gaba da faɗowa a allon shagon.

Idan kuma kai ne ka zauna ka tarar da akwatin wani a buɗe, kada ka buɗe ko saƙo ɗaya. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta kutsawa cikin bayanan wani ba da izini ba. Danna hotonsa, ka zaɓi “Sign out”, ka cire adireshinsa daga jerin, sannan ka buɗe shafin baƙo ka yi naka aikin.